Murhun Turai

Murhu na tara ke nan da ya tsage, kuma na Hasana ne, ɗaya daga cikin matan layi. Malama Safara'u ta tsuguna a gabansa, ta zura yatsa cikin tsagar, ta ja dogon tsaki.

Shekarar da kananzir ya yi ɓatan dabo ce, itace kuma ya yi tsada sai ka ce daga Makka ake kawo shi. Safara'u malamar tsafta ce, ta yi kwas na sati biyu a Zariya. Da ta dawo sai ta tara matan layinsu a Rafin Guza, ta koya musu gina murhun yumɓu. Ice uku ya dafa tuwon gida guda, ba hayaƙi, ba jan ido. Da ƙyar da jiɓin goshi ta shawo kansu suka fitar da duwatsun murhun da suka gada. Ta kuma ƙara musu da dabarun tattali nata na kanta: a riƙa rufe tukunya, a jiƙa wake tun da safe, in an sauke girki a kashe garwashi da ruwa don a samu gawayi.

Murhu goma suka gina, ga shi cikin wata biyu tara sun tsage. Mata sun fara kwaso duwatsunsu daga inda suka jefar, ranar Asabar kuma matan unguwar Mando za su zo ganin abin da ta yi ta cika musu baki a kai. Ta canja ramin yumɓu, ta ƙara ƙaiƙayi, ta ƙara kwanakin shanya. Duk aikin baban giwa. Abin ya ishe ta.

To wa zai yi asara in unguwa ta rage cin itace? Datti mai itace mana. Wa ke shiga gida-gida da ɗaurin itace a ka har bakin murhu? Matarsa Turai. Murhun wa kuma ya rage lafiya lau? Na Turai. Biri ya yi kama da mutum.

Safara'u ba ta ɓoye zarginta ba. Kafin la'asar magana ta zaga layi, har wasu sun daina amsa sallamar Turai.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi gidan, ranta a ɓace. Ta tarar Turai na sauke tukunyar dambu. Murhun na nan sumul, ko ƙwarzane babu, garwashi na ta ci a banza.

"Turai, ki ji tsoron Allah. Me kike yi wa murhunan mutane?"

Idon Turai ya kawo ruwa. "Wallahi, Malama, ko taɓa su ban taɓa yi ba."

"To naki me ya hana shi tsagewa?"

"Ina zan sani?"

Safara'u ta dubi garwashin, haushi ya ƙara turnuƙe ta. Almubazzaranci kuma, a gaban idonta? Ta sunkuci kwanon ruwan randa da ke gefe, ta kwara shi cikin murhun.

"Cikin koyarwarki wannan ne kaɗai ban taɓa yi ba," in ji Turai a sanyaye. "Mu da itace ba ya yanke mana."

Tururi ya tashi fuu. Yumɓun da ya yi jawur ya ce ƙas, murhu na goma ya tsage, kwanon yana hannun Safara'u.