Ƙwaryar Manu

Kowace damina ta wuce, Ɗantani yakan shiga gidan yarin Boɗinga da tsohon buhun saƙi cike da ƙorai. Tsoho ne marar yawan magana. A kasuwa mutane kan ba shi hanya tun daga nesa, kuma ba a taɓa ganin wani ya sa hannu a akushi ɗaya da shi ba. A cikin gidan yari kaɗai ake yi masa maraba.

Can yakan zauna tsakanin masu mari a ƙafa, ya hura wuta, ya gasa ɗan ƙarfe, ya koya musu zanen ƙwarya. Yari, mai tsaron gidan, ya daɗe da sa musu ido. Wani ya zana rijiyar garinsu, wani zangarniyar gero, kowa ya riƙa cin tuwonsa a cikin abin da yake kewa. Doka ɗaya Ɗantani ya kafa: ba a zana mutum, don malamai sun hana.

A cikin duk waɗanda ya koya wa, babu mai hannun Manu, wani makiyayi daga Shagari. Faɗa ne ya kaure a bakin rijiya kan shayar da shanu, ya ɗaga sanda sau ɗaya, abokin kiwonsa Maniru ya faɗi bai tashi ba. Alƙali ya yanke kisa, Sakkwato ta tabbatar. Ƙofa ɗaya ta rage, wato in Zulaihatu, mahaifiyar mamacin, za ta ce ta yafe.

Manu bai iya roƙo da baki ba, sai ya roƙa da ƙwarya. Ya zana garken Maniru kaf, saniya bayan saniya, kowacce da irin ƙahonta, har da gurguwar da kullum take bin baya. Ɗantani ya juya ƙwaryar a hannu, ya ji ƙaunar saurayin nan ta kama shi, abin da ya daɗe yana hana zuciyarsa. Babu wanda ya aike shi. Shi ya naɗe ta a zane ya kama hanyar Shagari a ƙasa.

Ya tarar da tsohuwar a bakin bukka. Bai faɗi sunansa ba, ya dai durƙusa ya ce, "Inna, saƙo na daga wanda yac cuce ki. Ki duba, don Allah da Annabi."

Zulaihatu ta bi zanen da yatsa tana kiran shanun da sunayensu. Da ta zo kan gurguwar har ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Ɗantani ya ji sanyi a ransa, ya ce a zuci an dace.

Sai ta sake juya ƙwaryar, ta kuma juyawa, tana neman wani abu. Bayan gurguwar, inda makiyayi yakan tsaya da sandarsa, fili ne kawai.

"Shanun duka sun komo gida," in ji ta. "Ɗiyana Maniru fa? Ko nan ma ya ɗauke mini shi?"

Ɗantani ya yi ta rantsuwa cewa dokarsa ce, ba nufin Manu ba. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ta shige bukka, ta saki asabari.

Hanyar Boɗinga ba ta taɓa yi masa nisa kamar ranar ba. Ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba a jin sautinsa, yana tsine wa dokar da ya kafa da bakinsa.

Manu na ganin ƙwaryar ta dawo ya gane. Ya karɓe ta ya miƙa wa wani sabon ɗaurarre da ba shi da abin cin tuwo. Sannan ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Baba, ka yi iyakar yinka. Abu guda nika roƙo. Gobe kak ka dubi fuskata, kada hannunka shi yi rawa."

Ɗantani ya gyaɗa kai, ya fita ya nufi gida don ya wasa takobi, domin tun kafin a haifi Manu shi ne haunin garin, mai sare kan wanda shari'a ta yanke wa kisa.