Kek ɗin Inna

Tun a mota, suna barin filin jirgin da suka je tarbarta, Inna ta yanke hukunci: kek ɗin bana ita za ta yi da hannunta. Auta, ɗanta, ya kusa sakin sitiyari don murna. Matarsa, wadda har yau surukar ke kira Amarya duk da 'ya'ya biyu, ta yi murmushin yaƙe a kujerar baya.

A gidan su Auta, hutun ƙarshen shekara ba ya cika sai da kek mai ɓawon lemo. Amarya ta ji labarin har ta haddace: yadda Inna ke korar kowa daga gida, ta kulle ƙofa, bayan awa biyu a dawo a same ta da fulawa har a gira. Ranar da Amarya da Auta za su bar ƙasa su koma ƙasar waje, Inna ta danƙa mata wata takarda a ninke, ta ce sirrin ke nan, kada al'adar gida ta mutu a hannunta.

Shekarar farko Amarya ta bi takardar layi-layi. Abin da ya fito daga murhun gashi, da an jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi. Ta sake gwadawa, na biyun ya fi na farko taurin kai. Saura awa ɗaya mijinta ya dawo, ta sauka ƙasan benensu, inda wani dattijo mai sanƙo ke da shagon burodi, ta ga kek mai lemo a gilashi. Ta saya, ta juye a faranti, ta dafa ɓawon lemo gida ya ɗau ƙamshi, ta yayyafa fulawa a gaban rigarta.

Auta ya ci loma ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce sak na Inna.

Shekara bakwai ke nan ana haka. Duk shekara sai ya ɗauki hoton kek ya tura wa 'yan'uwa, ya kai wa abokan aiki yanki yana baza kafaɗa. Amarya ta san kewar gida ce ta yaudari harshensa. To ga na gaske zai zo, loma ɗaya ta isa ta tona mata asiri a gaban miji, suruka da yara.

Makon zuwan Inna ya yi mata tsawo. Duk fitar da za su yi sai Inna ta ja birki a gaban shagon burodin, ta daɗe tana leƙen gilashi. Rannan mai sanƙo ya ɗago wa Amarya yatsa ɗaya, wato a ajiye mata kamar kullum, ita kuwa ta duƙa tana ɗaure wa ƙaramar 'yarta igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren garin, amma ta nace sai an koya mata buɗe ƙofar bene, wai saboda gobara. Da Amarya ta so nuna mata maɓallan murhun gashi, sai ta kaɗa hannu.

"Bari kawai, 'yar nan. Wuta ai duk wuta ce."

Sau biyu Amarya ta buɗe baki za ta faɗa wa mijinta gaskiya. Duk biyun ta same shi yana lissafa wa yara kwanakin da suka rage.

Ranar ta zo da ruwan sama. Aka jera wa Inna fulawa, sukari, man shanu da ƙwai goma sha biyu, ta ɗaura ɗamara ta nuna musu ƙofa.

"Awa biyu. Kada in ga ƙeyar kowa kafin nan."

Suka fake a wani babban kanti. Yara suka yi ta hawa da sauka a matakala mai tafiya da kanta, Auta na duba agogo, Amarya na shirya kalmomin ban haƙuri a ranta. Ba ƙaryar ce ta fi damunta ba, fuskar da zai yi ce.

Tun daga matakalar bene ƙamshin lemo ya tare su. Takalman Inna na bakin ƙofa a jiƙe, Amarya ta ture su gefe da ƙafa, hankalinta na kan teburi. Ga kek a tsakiya, ga Inna da fulawa har a gira.

Auta ya yanka, ya kai baki, ya lumshe ido. Amarya ta zuba masa ido.

"Inna, kin koyar da ita da kyau," ya ce. "Wallahi ba bambanci."

Amarya ta ɗanɗana. Gaskiyarsa, ba bambanci ko na ƙwayar sukari. Daɗi da kunya suka rufe ta lokaci guda. Ta ƙudurta gobe za ta durƙusa gaban tsohuwar nan ta roƙi a koya mata da gaske, ko za a yi mata dariya.

Ta kwashe kwanuka ta shiga kicin, ta buɗe murhun gashi don ciro tiren ta wanke. Murhun sanyi ƙalau. A ciki ba tire, sai kwali a ninke, mai hoton dattijo mai sanƙo riƙe da burodi. A kan teburin kicin kuwa ƙwai goma sha biyu na zaune lafiya a ƙarƙashin tsumma.

Ta ji an turo ƙofa a hankali a bayanta.

"Ki bari ya tafi aiki kafin ki jefar da kwalin," Inna ta raɗa mata tana kakkaɓe gira. "Takardar nan ma ki haɗa da ita, a bayan ledar fulawa na kwafo. Ni shekara talatin ina yin kek ɗin nan, ko ƙwai ɗaya ban taɓa fasawa ba."