Mahaucin da Wuƙa ta Yi wa Nauyi

Tun ɗazu kake yi mini kukan gajiya, ɗana, wai ka kwanta a gajiye ka tashi a gajiye, har ka fara zargin ko hannu aka sa maka. To, gyara zama in ba ka misalin wani mahauci. Ƙato ne na gaske, irin wanda in ya riƙe ƙahon sa, san ne ke neman agaji. Fawa gadonsa ce, teburinsa kuma shi ne na bakin hanya, inda ubansa ya tsaya, inda duk mai sayen nama ke fara cin birki. Ana nan sai jiki ya fara ƙi. Ba zazzaɓi, ba tari, ba inda zai ɗora yatsa ya ce nan ke ciwo, gajiya ce kawai ta zo ta ƙi tafiya. Fiɗar da yake gamawa kafin rana ta fito sai ta riƙa kai shi hantsi. In ya ɗauko cinyar sa daga mayanka zuwa tebur, sai ya zauna yana haki, idonsa na ganin duhu-duhu. Ka kuwa san mahauta da baki, in suka ga lagonka ka shiga uku. Don haka ya ɓoye ciwonsa. Ya riƙa fita tun asuba ba komai a cikinsa sai baƙin shayi, in jiri ya taso ya ɓare goro, in yunwa ta motsa ya ƙara wani. Nama kuwa ba ya ko kallonsa a kwano, ƙarninsa ya gundure shi tun yana saurayi. Da dare ya yi loma biyu ta tuwo ya kife. Ya sha jiƙo, ya yi hayaƙi, ya haɗiyi ƙwayoyin masu talla a faranti, duk a banza.

Ran nan Sarkin Fawa ya ja shi gefe, ya ce masa cikin mutunci, jama'a na zuwa su tarar da teburin gaba wayam, in har Babbar Salla ta zo bai murmure ba, dole a ba wani wurin, shi ya koma layin baya. Wallahi maganar nan ta fi gajiyar yi masa ciwo. Ya ga gadon ubansa zai suɓuce a hannunsa, ya kuma sa wa ransa cewa wata muguwar cuta ce ke cinsa a ɓoye, shi ya sa ko hanyar asibiti ba ya son bi, kada a faɗa masa abin da yake tsoro. Allah ya sa yana da wata yaya mace, irin matan nan da ba a yi musu gardama. Ta zo gaishe su, ta kama tafin hannunsa ta ga ya yi fari fat, ba ta nemi shawararsa ba ta tasa shi gaba kamar ɗan akuya. Malamar asibiti ta ja fatar idonsa ta duba, ta ɗebi jini aka auna. Shi dai yana zaune yana salati, yana jiran a yanke masa hukunci. Sai ta ce, “Baba, jininka ne ya yi ƙasa, kuma wannan abu ne mai magani.” Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya rage shayi da goro, ya daina fita da cikin wofi, ya riƙa cin wake da ganye, musamman hanta. Sannan ta dube shi da tausayi ta ce, “Amma za ka iya samun hantar kuwa? Na san ta yi tsada.”

Yayar nan ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Shi kuwa kunya da farin ciki suka haɗu suka lulluɓe shi. Shekara da shekaru mata na fitowa daga wannan asibitin su tsaya gaban teburinsa su ce an ce su ci hanta, ya yanka musu, ya yi musu gyara, har ya bi su da addu'ar Allah ya ƙara sauƙi, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma mai jini ne a jika ba. Kada ka zaci kwana ɗaya ya warke, ai jiki ba fitila ba ne da za a zuba mata mai ta kama nan take. Ya toshe hanci ya ci hantar, ya sha maganinsa, ya koyi zama ya huta in rana ta take. Sannu a hankali haki ya ragu, wuƙa ta koma nauyinta na da. Da Salla ta zo, kafin sauran su gama wasa wuƙa ya rataye namansa. Sarkin Fawa ya biyo, ya tsaya ya duba, ya sa aka yanka masa tsoka, ya wuce bai sake ta da maganar ba.

Ban ce ciwonka irin nasa ne ba, gajiya iri-iri ce. Amma ka daina zargin mutane, ka daina jin tsoron awo. Je ka a duba ka, sannan ka dubi cinka da barcinka, mai yiwuwa sauƙin na nan kusa da hannunka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.