Gaɓar Rake Ɗaya

Laifin wa ne idan jikin mutum ya gaza ƙona sukari? Tun da aka sa wa kowa zoben awon jini, ba a sayar wa mai jan zobe zaƙi.

Zoben Ɗanlami kore ne shar, don haka yake yi wa yayansa Barau mai jan zobe kallon kwaɗayayyen yaro.

"Gaɓa ɗaya, Ɗanlami. Nuna naka ka karɓo mini," in ji Barau a gaban wani mai rake.

"Da furfurarka, Yaya? An ce za a yanke ƙafar nan, amma bakinka ka sani."

Mai rake ya yi tsaki. "Matsa, tsoho. Jajaye ba sa tsaya mini nan."

Barau ya ja ƙafa ya matsa. Ɗanlami ya dubi kumburarriyar ƙafar, ya dubi mai rake, ya miƙa zobensa.

"Fere masa mai kaurin."