Atishawa a Aji Huɗu

A shekarar da darasi ya koma zuwa ta iska, aka ba Malama Tabawa, shugabar firamaren Gidan Kuka, mako guda ta zaɓa wa azuzuwanta ɗaya cikin netwok biyu. Wanda ta ɗauka, da shi za a zauna shekara ashirin.

Wanda aka gwada a aji uku sunansa Kurciya. Rauni gare shi. Da hadari ya taso sai ya yanke, yara su taru a bakin taga, kai da kai, suna gardamar inda aka tsaya.

Na aji huɗu, Raɓa, ba ya yankewa. Malama Tabawa ta tarar da yara arba'in idanu a lumshe, kowa da ɗan abu kamar ƙwayar gero a kunne, suna murmushi kamar mafarki ɗaya suke yi. Ita ma sai da abin ya burge ta.

"Hajiya, kin ga natsuwa," in ji Malam Sallau, malamin ajin, ƙasa-ƙasa. "Mako guda ban ɗaga murya ba."

Sai wata yarinya ta yi atishawa, ta ce, "Alhamdu lillahi."

Malama Tabawa ta jira 'yan ajin su amsa mata yadda aka saba. Shiru. Ta buɗe baki ke nan za ta amsa, sai yarinyar ta dafa kunnenta, ta yi murmushi, ta ce, "Yahdikumullah." Raɓa ya riga kowa amsa mata a kunne.

Malama Tabawa ta juya wajen malamin.

"Malam Sallau," ta ce, "gobe ka taho da muryarka. Kurciya za mu ɗauka."