Fartanyar Baba a Bango

Ƙusa kawai ya tarar a bangon falo.

Wata uku da suka wuce, bayan an binne babansa, ya kai tsohuwar fartanyar marigayin wurin mai walda a Kafanchan. Aka liƙa mata ganyen citta na ƙarfe, aka shafe ta da fenti marar launi har sau uku, don tsatsar da gurbin yatsun tsohon su zauna yadda suke. Shi ya rataye ta da hannunsa, ya koma Abuja.

Yau da ya dawo, a gonar citta ya sami mamansa sunkuye, fartanyar tana walƙiya a hannunta. Ganyen ƙarfen kuwa an ɓalle shi, an tokare ƙofar akurki da shi.

"Mama, wannan fa ta ado ce. Don mu riƙa tunawa da Baba."

Ta share gumi, ta dubi fartanyar.

"Fentin yana da kyau, laka ba ta kama shi. Amma shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin babanka a falo da rana ba."

Ta miƙa masa ƙotar.

"Saura kunya biyu."