Ƙuri'ar Shugaban Reshe

Aka ƙirga hannuwa a zauren cocin, aka yi kunnen doki. Rabinmu na son a kori tsohuwar nas daga jam'iyya, rabi sun ƙi. Laifinta, ta shiga rediyo ta goyi bayan dokar inshorar lafiya ta gwamnati, don kada asibitin ƙauyenmu na Kansas ya rufe.

Muka juya ga shugaban reshe, manomin alkama da ya rantse gwamnati ba za ta shiga tsakaninsa da likitansa ba. Shi zai raba gardama, kuma shi ne mijinta.

"To, tsoho," ta ce, "kore ni mu gani."

"Dokar nan guba ce, uwargida. Na kore ki."

Aka yi tafi. Ta miƙe da ƙyar saboda ciwon gwiwa. Sai shugaban ya ɗauki hularsa da jakarta.

"Shugaba, ina zuwa? Ba a tashi taro ba!"

"Ku zaɓi wani," ya ce, yana riƙe mata ƙofa. "Har gobe ban yarda da ra'ayinta ba. Amma tun da na aure ta, ban taɓa barin ta fita ita kaɗai ba."